Fararen Duwatsun Tudun Ƙirya

Faisal, ɗan mai gidan da nake gadi a unguwar Shisha ta Makka, yana aikin ɗora kayan matafiya a filin jirgin Jidda. Ran da ya ji sana'ar da na yi a ƙasarmu kafin in zo Makka, sai da ya ajiye kofin shayinsa don dariya.

"Ya ammi, yani shekara ashirin kana share ƙasa? Jirgi nawa ke sauka a rana?"

Ammi yake ce mini, wato baffa da Larabci. Na ce masa wani lokaci ɗaya a wata.

"Halas, shi ke nan. Ai kai hutu aka ɗauke ka."

Ɗalibai biyu 'yan Kano da ke haya a hawa na uku su ma suka taya shi. Ban ji haushi ba, don wanda ya saba da kwalta da fitilu ba laifinsa ba ne. Amma ina so su san aikin. Bana an zo har ƙofar ɗakina ana neman gonar wani mutum da na ci da wannan aiki, kuma ba mai gane yadda ake cin gona da tsintsiya da farar ƙasa sai ya san yadda ake riƙon filin jirgi na ƙasa.

Garinmu Tudun Ƙirya ne, a Nijar, yinin tafiya da jaki daga iyakar Najeriya. Yanzu shi ne hedkwatar kwamin, wato ƙaramar hukumarmu ta karkara, da ƙauyuka da rugage a ƙarƙashinsa. Gabas da gari tudu ne na jan burji, ba abin da ke fitowa sai sabara da geza. Yamma kuwa fadama ce, inda kamu goma kaɗai za ka haƙa ka tarar da ruwa. Gero da wake a jigawa, albasa a fadama, shanu a burtalin da ya ratsa tsakani zuwa tafki. Da rani rabin mazan gari su tsallaka kudu cirani. Wanda yake da garka a bakin fadama ba ya zuwa, albasarsa ta ishe shi.

Filin jirgin yana kwance daidai inda tudu ya ƙare fadama ta fara. Faransawa suka yi shi zamanin aikin dole, saboda kumandan, wato babban jami'in mulkin yankin, da masu sayen gyaɗa. Kakana yana cikin waɗanda suka yi ta jidon burji a ka. Da Turawa suka tafi gyaɗa ta mutu, amma filin bai mutu ba. Jirgin likita yakan zo ɗaukar wanda ciwo ya fi ƙarfin asibitinmu, masu feshin fara sukan yi sansani, manyan gwamnati sukan sauka in sun ƙi wahalar hanya. Takardun filin duka da Faransanci suke. Ni kuwa aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, na iya sunana da lambobi.

Wanda ya koya mini aikin Baba Arzika ne, tsohon soja, mutum mai ƙarancin magana. Ranar farko ya ce in tuɓe takalmi. Muka taka filin daga wannan kai zuwa wancan, shi a gaba ni a baya, ƙaya tana cina. Da muka kai ƙarshe ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Fili lafiya lau."

Ya mai da ni baya ya nuna mini wuri uku da na taka na wuce. Na farko ƙasa ta ɗan yi laushi, gara tana gini a ƙarƙashi. Na biyu ramin gafiya ne da ɓawon ƙasa ya rufe. Na uku wani guntun ƙashin jaki.

"Ƙafar jirgi ba ta fi ta baro girma sosai ba," in ji shi. "In ta faɗa nan da gudu, mutum shida ka kashe. Ido yana ƙarya, Issufu. Tafin ƙafa ba ya yi."

Tun daga ranar ban sake taka filin da takalmi ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tsintsiyar kaba, fartanya, shebur, diga, baro guda, da madaɓi na icen ƙirya mai nauyin yaro ɗan shekara biyar. Sai garwar farar ƙasa, da wata doguwar jaka ta yadi a kan sanda wadda take nuna wa matuƙi inda iska ta nufa. In jakar ta yage kafin a aiko wata, sai mu kunna ɗanyar ciyawa hayaƙi ya yi aikinta. Akwai kuma farin ƙyalle biyu dogaye. Bayan ruwan sama zan bi filin da sanda ina tsirawa. In sandar ta shiga ta wuce gaɓar yatsa ɗaya, sai in shimfiɗa ƙyallayen a gicciye a tsakiyar fili. Matuƙi ya gani daga sama ya juya, ko wa ya ɗauko. Na taɓa mayar da wani babban mutum haka. Washegari ya zo da mota ya zage ni a gaban jama'a. Matuƙin kuwa da ya dawo bayan wata biyu ya kawo mini gwangwanin madara.

Suri shi ne abokin gaba na kullum. Gara takan tayar da gini cikin kwana uku. Ba a sare kansa a tafi, sai an haƙa har an ciro uwar, a cika ramin da burji, a yayyafa ruwa, a daɓe, a ƙara burji, a sake daɓewa. Rami ɗaya yakan ci yini. Sannan ga tsidau da ke fasa taya, ga zabi da ke son wankan ƙasa daidai inda jirgi ke dira, ga shanun Fulani da ba su san an taɓa yin wata doka ba. In aka aiko cewa jirgi na tafe ran Talata, tun hantsi nake tsaye. Wani lokaci ya zo Alhamis. Kwana uku ina kora jakuna ni kaɗai, ba mai ce mini sannu sai iska.

Ba mai ce mini sannu, sai Nomau. Garkarsa ce ta yi iyaka da filin ta yamma. Yana da rijiya ba nisa da iyakar, da mangwaro biyu da ubansa ya dasa. A rijiyarsa nake ɗibar ruwan daɓe. Da azahar mu zauna gindin mangwaro, matarsa ta aiko da fura, 'yarsa Rabi ce ke kawowa. In ina wancan kai shanu suka shigo ta wannan kai, Nomau zai ajiye guga ya kore su ba tare da na roƙa ba.

Yanzu sai duwatsu. Faɗin filin taki arba'in ne, kuma abin da ke nuna shi jerin duwatsu ne a gefe biyu, kowanne ya kai girman tulu, ana shafe su da farar ƙasa don matuƙi ya hango. Ba a kafe suke ba. Damina takan ture su, don haka kowace kaka mai fili yakan sake jera su. Abin da ke kafe turakun ƙarfe ne guda huɗu da Faransawa suka dasa cikin siminti a kusurwoyi, daidai da ƙasa. Daga turke zuwa turke ake ja igiya a jera duwatsu. Mutanen gari ba su san da turakun ba, duwatsu suke gani. Baba Arzika ya nuna mini su shekarar da ƙafarsa ta gaza.

Ya kuma bar mini wasiyya ɗaya. Ruwan tudu duka ta gefen gabas yake gangarowa, kuma akwai magudana da aka haƙa a can don ta kwashe shi ta kai tafki. Yashi yakan cike ta kowace shekara. Ya ce, "Ko ba ka yi komai ba da rani, ka yashe magudanar nan. Aikin wata guda ne. Kada hadarin farko ya same ta a cike."

Na yi haka shekara tara. A ta goma aka yi fari, gero bai yi ba. Da rani na bar filin na tsallaka Najeriya sayo dawa, abin da doka ta hana mai fili, don ba a san ran da jirgi zai zo ba. Nomau ya ce in je, shi zai duba. Tafiyar farko yunwa ce ta sa ni. Ta biyu da ta uku kuwa, na ga ana samun riba ne. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bana. Nomau ya kore shanu, ya sare suri, har ya tarbi jirgin likita sau ɗaya ya ce wa matuƙin ina kwance da zazzaɓi. Magudana ce kaɗai bai san da ita ba, ni kuma na ce in na dawo.

Hadarin farko ya riga ni. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, yini guda. Da na fita da safe na tarar ruwan ya bar magudana ya bi gefen fili, ya yanka kwari mai zurfin ƙugu, ya cinye taki shida na faɗin filin tun daga tsakiya har kan kudu.

A satin nan aka aiko cewa jiragen taimakon abinci za su fara sauka, kuma wani jami'i zai zo ya auna fili tukuna. Abin da ya kamata in yi sananne ne. In je wurin kumandan in ce fili ya lalace, a kawo motocin burji. Amma za a tambayi magudana, daga nan a tambayi inda nake da rani. Na tsaya bakin kwarin na duba yamma. Ƙasar Nomau ta wannan gefen shimfiɗaɗɗiya ce, mai tauri, bai riga ya shuka ta ba.

Kwana huɗu na yi ina aikin, da sassafe kafin masu garka su fito. Na gusa da jerin gabas taki shida ya bar kwarin a waje. Na gusa da jerin yamma taki shida cikin gonar Nomau. Na kankare ciyawa, na daɓe, na shafa sabuwar farar ƙasa. Turakun yamma biyu da suka koma cikin fili na zuba musu burji na daɓe a kai. Jami'in ya zo ya auna, taki arba'in cif. Ya yaba mini.

Nomau ya gani tun ranar farko. Ya ce, "Issufu, duwatsunka sun yi ƙafa."

Na ce na bana ne kawai, saboda jiragen abinci, in kaka ta yi zan mayar. Ya ce to, ai abincin na kowa ne.

Kaka ta yi ban mayar ba, don kwari ba ya tsayawa inda ya fara. Kowace damina ya ƙara ci, kowace kaka in ƙara gusawa. Taki uku, taki huɗu. A shekara ta huɗu jerin ya kai rijiya. Doka ta ce ba rami ba itace kusa da inda jirgi ke gudu. Aka turo ma'aikata suka cike rijiyar, suka sare mangwaron biyu. Ina tsaye, ni na ba su aron digata.

Sannan ne Nomau ya kai ƙara. Aka tara mu a ofishin kumandan. Aka tambaye ni ko duwatsu sun taɓa gusawa. Na ce suna nan inda na gaje su daga Baba Arzika, wanda a lokacin ya rasu. Magatakarda ya rubuta da Faransanci, ya karanta, ban gane rabinsa ba, na sa hannu. Kumandan ya juya ga Nomau ya ce ko yana da shaida, ko yana da wani abin da zai faɗa a kan mai fili.

Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya ce na bar aiki na tafi fatauci sau uku, a kore ni a ranar, a tono komai. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Ba ni da shi, ranka ya daɗe."

Abin da ya rage masa na garka ba ruwa kusa. Ya fara zuwa cirani yana da furfura. Bai daina amsa sallamata ba, amma ban sake shan furar gidansa ba, ruwan daɓe kuma na koma ɗaukowa daga tafki.

Bayan wasu shekaru na zo aikin hajji na zauna. Na samu kafili mai tsaya mini, aka yi mini iƙama ta zama a ƙasar, na zama haris, wato mai gadin gida, farko a Jarwal kafin a rushe layinmu a yi otal, sannan nan Shisha. Ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin matakala. Matata ta rasu a nan. Babban ɗana Habu shi ya gaji filin, har yau ana ce wa gidanmu gidan mai fili, kuma ana faɗin haka da girmamawa. Makka ba ta da filin jirgi. Nakan yi wata ban ji ƙarar ko ɗaya ba, kuma na ɗauka hakan ya fi mini.

Bana bayan an sauko daga Mina, ina wanke matakala da la'asar, sai ga wata dattijuwa a bakin ƙofa, direban taksi yana nuna mata lambar gida. Ta yi sallama ta ce, "Baba Issufu, ba ka gane ni ba. Rabi ce, ɗiyar Nomau."

Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa. Muka gaisa, na yi mata barka da Arfa. Na tambayi mahaifinta, ko da yake na san ya fi shekara goma da rasuwa. Ta ce ita albasa take saye tana kaiwa kudu, da ita ta biya kujera. Ba ta yi dogon zagaye ba.

"Kwamin za ta zagaye fili da waya bayan damina, za a zuba kwalta. Sun ce duwatsu za su bi. In waya ta shiga, Baba, shi ke nan har abada. Ƙannena uku ba su da inda za su kafa guga. Magajin gari ya ce takarda na nan da sa hannunka, ba mai warware ta sai kai."

Na ce mata na tsufa, abubuwa da yawa sun shige mini.

Ta ce, "Ni ce nake kawo muku fura. Na san inda mangwaro yake, na san inda duwatsu suke. Ban zo in tuna maka ba. Na zo in ji ko za ka faɗa."

Na ce ta ba ni kwana biyu. Ta ce jirginsu saura kwana biyar, masaukinsu yana Jarwal.

Washegari na kira Habu. Ya saurara har na gama. Ashe ya sani, ya taɓa cin karo da turke ɗaya yana haƙar suri, ya mayar da ƙasa ya rufe.

"Baba, kai kana Makka," in ji shi. "Mu ne a gari. Ni zan shiga kasuwa ran Laraba a nuna ni. Kuma in aka koma turaku, fili ya rage rabi, sai an cike kwarin nan, yanzu ya fi tsayin mutum. Ka bar abin nan ya kwanta. Mai gonar ma ya rasu."

Na ce gonar ba ta rasu ba. Ya kashe waya.

Rana ta uku na roƙi Faisal ya kai ni Jarwal da motarsa. A falon masaukin akwai mutanen kwamin ɗinmu kusan goma, har da limamin wata unguwa da wani kansila. Rabi ta ce mu shiga gefe. Na ce a'a, a nan. Faisal ya riƙe waya yana ɗauka. Na faɗi sunana da na ubana. Na faɗi tafiya uku, da magudana, da kwana huɗu, da ƙaryar da na sa wa hannu. Na faɗi inda turakun suke: a tsaya a gindin sandar iska, a fuskanci tafki, taki nawa, a haƙa kamu ɗaya. Liman da kansila suka faɗi sunayensu a matsayin shaidu. Ba wanda ya dube ni sosai. Wani tsoho da muka yi lakwal tare ya tashi ya hau sama.

Da za mu fita na ce wa Rabi ta yafe mini.

Ta ce, "Nawa na yafe, Baba. Na mahaifina kuwa ba a hannuna yake ba." Ta gyara mayafinta. "Har ya rasu ya hana mu faɗin tafiyarka Najeriya. Ya ce amana ka ba shi, ba a biyan cuta da ita."

A mota Faisal bai kunna rediyo ba. Da muka kusa gida ya ce, "Ammi, yani in da ka yashe ramin nan wata guda..."

Na ce, "Wata guda."

Wata biyu bayan haka Rabi ta aiko da saƙon murya. An haƙa a gaban magajin gari, an sami turakun biyu, simintin ko tsagewa bai yi ba. Taki ashirin da uku ne duwatsuna suka ci na gonar Nomau. Waya za ta bi turaku. Ƙannenta sun fara sabuwar rijiya kusa da tsohuwar, sun tarar da ruwa.

Habu bai kira ni ba tun ranar, kuma ba ya ɗauka in na kira. Ba a kore shi ba. Kwamin ta ce masu kwalta ba za su zo ba sai fili ya cika faɗinsa, motar burji kuma sau biyu a sati za ta iya bayarwa. Sauran aikin na mai fili ne. Kansilan nan ya gaya mini yana ganinsa kullum da safe a gefen gabas, shi kaɗai, da baro da madaɓi. Shekarunsa hamsin da biyu. A yadda na san kwarin nan, zai kai rani biyu yana cikewa.